Darasin Sana'a: Shimfiɗa Dutse A Kan Dandamalin Katako

Darasinmu na wannan wata a kan gini yake. Abin da ya jawo shi kuwa, wani abu ne da na gani da idona lokacin da muka fita rangadin azuzuwan yaƙi da jahilci.

A wani ƙauye mai kasuwa akwai ɗalibinmu mai shagon tireda a bakin hanya. Tsakanin shagon da hanya akwai kwata mai faɗi. Tun da daɗewa ya sa kafinta ya yi masa dandamali na katako a kan kwatar, inda masu ciniki ke tsayawa. Wata shekara da kaka, bayan ya sayar da gyaɗa da wake, sai ya ce bari ya ƙawata wurin. Ya sayo fallayen dutse, ya kira birkila, aka kwaɓa siminti aka zuba a kan katakon, aka jera duwatsun. Wuri ya yi kyau, kowa ya zo yana yabawa.

Kafin hunturu ya wuce, simintin ya tsattsage. Da damina ta zo, ruwa ya bi tsagar ya kwanta a kan katako. A shekara ta biyu, ranar wata kasuwa, ana sauke buhunan gishiri, sai gefe ɗaya ya burma. Yaron da ke ɗauke da buhu ya faɗa kwata, ya yi targaɗe. Allah ya kiyaye, ba a samu karaya ba.

Mai shagon ya tambaye ni, ya ce, "Malam, simintin ne ba shi da kyau, ko birkilan ne ya cuce ni?"

Na ce, "Ko ɗaya, Malam. Aure ka ɗaura tsakanin waɗanda halinsu bai zo ɗaya ba."

Itace Yana Motsi, Dutse Ba Ya Motsi

Kowa ya san ƙofar katako. Da damina takan kumbura, sai an sa kafaɗa kafin ta rufu. Da hunturu kuwa takan saki, har kana hango haske ta gefenta. Dalili shi ne itace yana shan laima daga iska, ya kumbura. In iska ta bushe sai ya fitar da laimar, ya tsuke. Ko ya shekara ashirin da sarewa bai daina wannan hali ba. Katako mai faɗin inci 12 yana iya raguwa da kamar kwatan inci tsakanin watan Agusta da watan Janairu. A faɗi yake wannan motsi. A tsawo kusan ba ya yi.

Akwai motsi na biyu. In ka taka katako, yakan ɗan lanƙwasa, in ka ɗaga ƙafa ya koma. Wannan ba aibu ba ne ga itace. Amma dutse da siminti ba su san lanƙwasa ba. Su dai ko su tsaya ƙyam, ko su fashe.

To, ka ga in an manne dutse da katako, kullum katakon yana ja, dutsen yana ƙi. Simintin da ke tsakani shi ne zai fara tsagewa. Daga nan sai ruwa ya samu hanya. Da can, in an yi ruwa katakon yakan bushe cikin yini ɗaya, don rana da iska suna dukansa. Yanzu an rufe shi, ruwan ya shiga ba ya fita. Sai ruɓa ta kama shi, gara kuma ta biyo laima. Mafi muni, duk wannan ɓarna a ɓoye take. Sama lafiya lau, ƙasa ta zama gari.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A Amurka, inda yawancin gidaje da katako ake gina su, mutane suna yin irin wannan dandamali a bayan gida don shan iska, kuma da yawa sukan so su shimfiɗa masa dutse. Maginansu sun sa ƙa'ida: katakon da zai ɗauki dutse, in tsawonsa ƙafa 10 ne, kada ya lotsa fiye da kashi ɗaya cikin shida na inci. Watau kamar kaurin tsinken ashana biyu ke nan. Su abin da ya fi damunsu shi ne ruwan da ke daskarewa a cikin tsaga lokacin sanyi, ya buɗe ta. Mu kuwa hunturu ne da damina da gara.

Mu Yi Lissafin Nauyi

Ɗauko fensir da takarda. A nan ne karatunka zai yi maka rana.

Dandamalin mutumin nan tsawonsa ƙafa 10, faɗinsa ƙafa 6. In ka ce 10 sau 6, ka samu 60. Watau yana da fili 60, kowanne tsawonsa ƙafa 1, faɗinsa ƙafa 1. Shi ake kira ƙafa murabba'i.

Dutse mai ƙarfi, mai kaurin inci 1, nauyinsa kamar kilo 6 ne a kowace ƙafa murabba'i. 60 sau 6 ya zama kilo 360.

Kwaɓin simintin da ke ƙarƙashinsa, in shi ma inci 1 ne, kamar kilo 5 ne a kowace ƙafa murabba'i. 60 sau 5 ya zama kilo 300.

Haɗa 360 da 300, ka samu kilo 660. Buhun siminti kilo 50 ne. Ke nan nauyin ya ɗara buhu 13.

Yanzu tambayi kanka: za ka yarda a jibge buhun siminti 13 a kan dandamalinka, a bar su dare da rana, shekara da shekaru? Kuma ba a lissafa masu ciniki ba, ba a lissafa buhun masara da za a sauke ba. Da ɗalibinmu ya yi wannan lissafi a ƙasa da tsinke, sai ya riƙe baki. Kafintan da ya yi masa dandamalin, don mutum uku ko huɗu ya yi shi.

Shin Dole Ne Sai Da Katako?

Ni dai shawarata, in ba dole ba, a cire katakon gaba ɗaya. A yi dakali irin na iyayenmu: a kewaye da dutse ko bulo, a cika da marmara, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai kashi-kashi, a zuba yashi, a jera dutse a kai. Ƙasa ba ta ruɓa, gara ba ta cin ta, kuma kuɗin bai kai na katako ba.

Amma akwai inda cikawa ba ta yiwuwa. Ba a cike kwata, don hanyar ruwa ce, in ka toshe ta ka jawo wa maƙwabta ambaliya. Haka kuma wurin da ke da gangare sosai. Ga irin waɗannan wurare ne sauran darasin yake.

Sai dai a kula. Abin da za mu faɗa na dandamali ne wanda tashinsa bai wuce gwiwa ba, watau kamar ƙafa 2. Ba na bene ba ne. Kada kuma a yi shi a bakin rijiya ko a kan salga. A can, in katako ya ruɓe, maganar rai ake yi. Murfin salga da na rijiya sai kankare mai rodi.

Ƙarƙashi Shi Ne Aikin

Kafin ka sayi dutse ko ɗaya, shiga ƙarƙashin dandamalin da wuƙa ko ƙusa. Soki kowane katako, musamman inda ya taɓa ƙasa da inda biyu suka haɗu. In ƙusa ta shige da sauƙi, wannan katako ya gama aiki. Sa'an nan ka sa mutum biyu su yi tsalle a sama, kai kana kallo daga gefe. In ka ga yana lilo, bai isa ɗaukar dutse ba. Yawancin tsofaffin dandamali a nan suke faɗuwa jarrabawa, sai an sake su.

Wajen sakewa, nemi itace mai ƙarfi wanda gara ba ta cika so ba, kamar ƙirya, kawo ko maɗaci. Azarar giginya ma tana da juriya, shi ya sa take daɗewa a rufin soro. Farin katako mara nauyi, irin wanda ake yin akwati da silin da shi, ba na wannan aiki ba ne. Kowane iri ka samu, ya zama busasshe. Ɗanyen katako zai tsuke ya murɗe bayan an gama aiki. Kuma a saya a wurin masu izini. Kada a shiga daji a kayar da ƙirya ba da sanin ma'aikatan gandun daji ba, ta yi ƙaranci ƙwarai.

Ga yadda za a tsara dandamali mai ƙafa 10 da ƙafa 6. A yi dirka 6, uku a gaba, uku a baya. In da hali a gina su da bulo ko dutse. In na itace ne, kada a binne gindinsu a ƙasa, a ɗora su a kan dutse ko kankare. A kan kowane layi na dirkoki a kwantar da babban katako. Kafintoci suna da wanda kaurinsa inci 2 ne, faɗinsa inci 6. A haɗa biyu a buga su tare, su zama ɗaya.

A kan waɗannan manya biyu sai a gitta wasu katakan, su ma inci 2 da inci 6. Bari mu kira su haƙarƙari. Tsakanin haƙarƙari da ɗan'uwansa kada ya wuce ƙafa 1. Nawa ake bukata a tsawon ƙafa 10? Da yawa za su ce 10. A'a, 11 ne, don akwai na farko a baki. Ƙirga da yatsu ka gani.

Abu biyu nake so ku riƙe a nan, don a nan kafinta mai gaggawa yake kuskure.

Na farko, haƙarƙari a kan gefensa ake tsayar da shi, ba a kwantar da shi a faɗinsa. Gwada da rula. In ka kwantar da ita ka danna tsakiya, za ta lanƙwasa. In ka tsayar da ita a kan kaifinta, ba za ka iya ba. Katako mai inci 2 da inci 6, in an tsayar da shi, ya fi na kwance ƙin lanƙwasa har sau 9.

Na biyu, haƙarƙari a bisa babban katako zai zauna. Kada a rataye shi a jikinsa da ƙusa kawai. Ƙusa tana tsatsa, ranar da ta karye kuwa ba ta sallama.

A ba dandamalin ɗan gangare zuwa waje, don ruwa ya gudu daga bango. Kwatan inci a kowace ƙafa ya isa. A faɗin ƙafa 6, bayan zai ɗara gaban da inci ɗaya da rabi. A shafe dukkan katakan da maganin gara, irin su Solignum, har da inda zarto ya yanka. Na san da yawa baƙin mai suke shafawa. Ba ya kai maganin aiki, kuma ruwa yana wanke shi zuwa cikin ƙasa, don haka a nisanta shi da rijiya. Daga ƙarshe, kada a toshe ƙarƙashin dandamali. A bar iska tana ratsawa.

Zaɓen Dutse

Allah ya hore mana dutse. Duwatsu irin na Kufena a Zariya, da na Kwatarkwashi, da na garin Dutse, da na Jos, duk masu ƙarfi ne, kuma ba sa shan ruwa sosai. Irin wannan dutse yakan ɓare falle-falle, masu fasa dutse sukan hura wuta a kansa don ya saki. Shi ya fi dacewa. Marmara kuwa ta cika ce, ba ta shimfiɗa ba, don tana shan ruwa tana marmashewa.

Gwada kowane falle kafin ka biya. Ɗaga shi ka ƙwanƙwasa da guduma a hankali. Lafiyayye yana ƙara kamar ƙarfe. Mai tsaga a ciki kuwa sai ka ji buf, kamar fasasshiyar tukunya. Sa'an nan ka ɗiga masa ruwa. In ya shanye nan da nan, bar shi.

Kada ƙyalli ya ruɗe ka. Dutsen da aka goge ya yi sumul, irin na manyan gidajen birni, in ya jiƙe ya fi kuɓewa santsi, tsoho ko mai ciki na iya zamewa. Nemi mai ɗan kaushi. Baƙi wuluk kuma da bazara yana ɗaukar zafin da yaro ba zai iya takawa ba takalmi ba. Mai haske ya fi.

Hanya Ta Farko: Ba Siminti

Wannan ita na fi so, musamman a kan kwata. Tun da katako ba zai daina motsi ba, sai a bar shi ya yi abinsa, dutse ya zauna a kansa ba tare da an manne su ba.

A buga katakan sama a kan haƙarƙari, a bar tsakani kamar kaurin fensir, don ruwa ya zube. A kewaye bakin dandamalin da katako wanda ya ɗan taso, don ya tare duwatsu kada su zame. Shi ma a bar masa ƙofofin ruwa a gefen gangare.

Dutsen wannan hanya sai mai kauri, inci ɗaya da rabi zuwa inci 2, don sirara za su fashe. Ka tuna, mai inci 2 nauyinsa kilo 12 ne a ƙafa murabba'i. A yanka tsohuwar robar tayar mota ƙanana-ƙanana, a sa a ƙarƙashin kusurwoyin kowane falle. Robar tana ɗaga dutsen kaɗan, iska ta shiga, kuma tana shanye motsin katako. Jera manya a baki da inda aka fi takawa. Duk wanda ka ajiye, hau kansa ka gwada. In yana rawa, ƙara roba a inda ya yi ƙasa har ya zauna daram. Wannan wuri yana cin lokaci, don ba dutse biyu da cikinsu ya zo ɗaya. Yi haƙuri da shi. Bar ɗan tsakani, amma kada ya kai yadda yatsan yaro zai maƙale. Kada a cika tsakanin da ƙasa, don ƙasa tana riƙe laima.

Amfanin wannan hanya shi ne, duk lokacin da ka so, kana iya ɗaga falle ka duba lafiyar katako. In guda ya fashe, shi kaɗai za ka sake. In ka tashi daga shagon ma, ka kwashe duwatsunka ka tafi da su.

Hanya Ta Biyu: Da Siminti

Wasu za su ce su dai sai da siminti, don ya fi kyan gani da daɗin shara. To, amma da sharaɗi: sai in akwai rumfar kwano a sama da ke tare yawancin ruwa. A fili tsirara ban ba da shawara ba.

A nan katakan sama a matse ake buga su. A shimfiɗa leda mai kauri, ninki biyu. A fara daga gefen gangare, ta sama ta hau kan ta ƙasa da kamar taƙi ɗaya, yadda ake jera kwanon rufi. Ta ɗan zarce baki, don ruwa ya ɗiga waje. Kada a buga mata ƙusa. Aikin ledar biyu ne: tana tare ruwa, tana kuma raba siminti da katako, kowa ya yi halinsa.

A kwaɓa kwano 1 na siminti da kwano 4 na yashi mai tsabta. Kada ruwa ya yi yawa. In ka dunƙula a hannu ya tsaya, ya yi. A zuba rabin kauri, a shimfiɗa ragar waya, a zuba sauran, duka ya kai inci ɗaya da rabi. Wannan ya fi na lissafinmu na ɗazu nauyi, ya kai kilo 7 a ƙafa murabba'i, sai a yi amfani da dutse mai inci 1.

A wanke cikin kowane falle, a shafa masa ruwan siminti mai kauri kamar kunu, a ɗora, a bubbuga da guntun katako har ya zauna ko'ina. In an bar rami a ƙarƙashi, nan zai fashe. A ja igiya don sama ta daidaita. Washegari a cike tsakani da kwaɓi mai kwano 1 na siminti da 3 na yashi. Amma tsakanin dutse da bangon shago a bar kaurin yatsa, a cusa roba, kada a sa siminti. In dandamalin ya wuce ƙafa 10, a raba shimfiɗar biyu da irin wannan tsaga.

A rufe da tsofaffin buhuna, a riƙa jiƙa su safe da yamma har kwana 7. Da hunturu a ƙara kula, don iska tana busar da siminti tun bai yi ƙarfi ba. Kada a ɗora kaya masu nauyi sai bayan mako 4. Mai kwaɓi ya kare hannunsa, siminti yana cin fata. Mai sassaƙa dutse kuma ya jiƙa shi, ya rufe hanci, ya kare ido, don ƙurar dutse tana lalata huhu.

Kowace hanya ka bi, sau biyu a shekara ka leƙa ƙarƙashi da ƙusarka: kafin damina da bayanta. In ka ga hanyar gara a jikin dirka, rushe ta ka sa magani a ranar. A yashe kwata kafin ruwan farko, kada ruwa ya taso ya taɓa katako. Buhunan hatsi da na taki kuwa a wuce da su cikin shago, kada a tara su a kan dandamali.

Ɗalibin namu ya sake nasa ta hanya ta farko. Duwatsunsa na dā sun yi sirara, sai ya kai su gida ya shimfiɗa a bakin randa, ya sayo masu kauri.

Aikin Aji

Malamai su taimaka wa ɗalibai su yi waɗannan a littafinsu.

1. Dandamali yana da tsawon ƙafa 10 da faɗin ƙafa 5. An shimfiɗa masa dutse mai kaurin inci 1. Kilo nawa ke nan? Buhun siminti nawa ne zai yi wannan nauyi?

2. Tsawon dandamali ƙafa 12 ne. Haƙarƙari nawa za a saya, in tsakaninsu ƙafa 1 ne?

3. Faɗin dandamali ƙafa 8 ne. Da inci nawa bayansa zai ɗara gabansa?

4. Rubuta sunayen itatuwa uku na yankinku waɗanda gara ba ta cika ci ba. Tambayi wani dattijo ko kafinta, ka kawo amsar aji mako mai zuwa.